Shawara Ga 'Yan Uwa Mazauna Amurka Kan Zaɓen Zango a Bakin Tafki

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka baki ɗaya, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wata al'ada da ke ƙara shiga rayuwar Hausawa mazauna Amurka, musamman ɗalibai da ma'aikatan asibiti da iyalansu, wato fita karkara a lokacin zafi domin kwana a tanti ko a mota mai ɗaki a bakin tafki. Yaranmu da aka haifa a nan suna jin labarin wannan fita a bakin abokan karatunsu, suna matsa wa iyaye lamba har sai an kai su, iyayen kuwa galibi ba su taɓa yi ba. Abin da na lura da shi shi ne, yawancinmu muna zaɓen wurin sauka ne da hoton da muka gani a intanet, hoton ruwa shuɗi da rana tana faɗuwa a bayansa, alhali hoton ba ya nuna abubuwan da za su sa a kwana lafiya ko a kwana a wahala. Tafki ba shi ne abin zaɓe na farko ba. Abin zaɓe shi ne hukumar da ke riƙe da filin, da kuma ɗan gurbin da za ka kafa tantinka ko ka ajiye motarka a cikinsa.

Zan yi misali da jihar Minnesota da ke arewacin ƙasar, a kan iyaka da Kanada, domin ita na fi sani. Ana yi mata kirari da ƙasar tafkuna dubu goma, amma ƙidayar hukuma ta nuna akwai tafkuna 11,842 waɗanda faɗin kowannensu ya kai eka 10 ko ya wuce. A gefen waɗannan tafkuna akwai filayen zango iri-iri, kuma duk da sunansu ɗaya ne a bakin mutane, ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Akwai na gwamnatin jiha, akwai na gwamnatin tarayya, akwai na ƙananan hukumomi, akwai kuma na 'yan kasuwa. Wanda ya san mai filin, tun kafin ya tashi daga gida ya riga ya san irin banɗakin da zai tarar, da ko akwai lantarki, da irin maƙwabtan da zai kwana kusa da su, da kuma ko akwai ma'aikacin da zai kira in wani abu ya taso cikin dare.

Gandun shaƙatawa na gwamnatin jiha, waɗanda Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta Minnesota ke kula da su, su ne a ganina suka fi dacewa da iyalin da bai saba ba. Sun haura 60, kuma mafi tsufa a cikinsu shi ne na Itasca, wanda aka kafa a 1891 domin kare dajin da ke kewaye da tafkin da kogin Mississippi ya samo tushe. Daga birnin Minneapolis tafiyar kusan awa huɗu ce a mota. Faɗinsa ya wuce eka 32,000, yana da tafkuna fiye da 100 a cikinsa, da manyan filayen zango biyu, Bear Paw a kusa da ruwa da Pine Ridge a cikin itatuwa. A irin wannan wuri akwai famfon ruwan sha, da banɗaki mai ruwa, da wurin wanka, da ma'aikata masu zagaye, kuma doka ce a yi shiru daga ƙarfe 10 na dare zuwa 8 na safe. Ana buɗe rajistar gurbi kwana 120 kafin ranar sauka, kuma gurabe masu kyau na ƙarshen mako a watan Yuli kan ƙare a ranar da aka buɗe su, saboda haka wanda ya jira sai yara sun sami hutu ya makara. Ban da kuɗin gurbi, ana biyan kuɗin shigar mota, wanda a shekarun baya-bayan nan yake dala 7 a yini ko dala 35 a shekara.

Filayen gwamnatin tarayya sun kasu kashi-kashi, kuma a nan ne mutum zai iya ruɗewa. Rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta gina madatsun ruwa a saman kogin Mississippi tun daga shekarun 1880, kuma har yau ita ke riƙe da filayen zango a gefensu, kamar na Cross Lake da Gull Lake da Leech Lake. Waɗannan wurare ne masu tsabta da tsari, da yawan gurabensu suna da lantarki, masu motoci masu ɗaki kuma suna son su ƙwarai. Filayen da ke cikin dazuzzukan tarayya na Chippewa da Superior kuwa galibi ba su kai haka gyara ba, sau da yawa famfon tuƙa-tuƙa ne da masai na rami. Sai kuma wuraren da ba a kai musu da mota sam. A gandun ƙasa na Voyageurs, wanda aka kafa a 1975, sai da jirgin ruwa ake isa gurabe, haka kuma a dajin Boundary Waters mai faɗin fiye da eka miliyan ɗaya, inda ake tafiya da kwalekwale, a sauka a ɗauke shi a kafaɗa zuwa tafki na gaba. A can sai da takardar izini ake shiga a kowane lokaci na shekara, kuma daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba takardun masu kwana a ƙayyade suke, ayari ba ya wuce mutum 9 da kwalekwale 4, kuma an hana shiga da abincin gwangwani da kwalabe. Wuri ne da ya cancanci a gani, amma ina jan kunnen duk wanda ke da ƙananan yara, ko wanda bai iya iyo ba, da kada ya fara da shi don kawai sunansa ya fi fitowa a intanet.

Filayen dazuzzukan jiha masu araha ne, ba a yin rajista, wanda ya riga zuwa shi ke kama gurbi, kuma babu lantarki. Na 'yan kasuwa kuwa, irin su na kamfanin filayen zango mai suna KOA da ƙananan na iyalai da ke bakin tafkunan yankin Brainerd, su ne suka fi kayan jin daɗi, da wurin wankin tufafi da kanti da wurin wasan yara, amma sun fi tsada, gurabensu sun fi matsuwa, kuma a wasunsu yawancin mazauna mutane ne da suka kama gurbi na dukan kakar, sun san juna shekara da shekaru, baƙo mai tanti kuwa sai a ba shi abin da ya rage a gefen hanya.

Akwai wata doka da ta shafe mu fiye da sauran jama'a, kuma ba kasafai muke karanta ta ba. A gandun shaƙatawar jiha, gurbi ɗaya na mutum shida ne. Mu kuwa ba ma fita mu kaɗai. Magidanci zai ɗauki iyalinsa, ya gayyato ƙaninsa da ke karatu a wata jiha, ya haɗa da maƙwabci da nasa yaran, kafin a ankara an zama mutum goma sha biyar. Wanda ya isa da wannan ayari a kan gurbi ɗaya zai sha kunya a gaban ma'aikaci, kuma ba lallai a sami wani gurbin a ranar ba. Mafita ita ce a kama gurabe biyu ko uku maƙwabtan juna tun ranar da aka buɗe rajista, ko kuma a nemi filin ayari, wanda gandun shaƙatawa da yawa ke da shi a keɓe, nesa da sauran mutane. A ra'ayina filin ayari ya fi mana komai, domin mata za su sake, yara za su yi ta guje-guje ba tare da an dame kowa ba, kuma za a iya yin jam'in salla a fili.

Mai mota mai ɗaki, ko tasa ce ko hayarta ya yi, tambayoyinsa na awo ne da lissafi, kuma babu wanda zai amsa masa su sai bayanin da aka rubuta a kan kowane gurbi. Na farko tsawo. Idan ɗakin irin wanda ake ja ne da wata mota, to a haɗa tsawon ɗakin da na motar da ke jansa, domin dukansu ne za su shiga gurbin. Tsofaffin filayen gwamnati an tsara su ne tun zamanin da motocin ba su yi girman na yanzu ba, hanyoyinsu ƙanana ne, kwanoninsu masu kaifi, rassan itatuwa kuma sun sauko ƙasa, alhali tsayin babbar mota kan kai ƙafa 12 ko 13. Gurabe kuma iri biyu ne, akwai wanda ake shiga ta gaba a fita ta gaba, akwai wanda sai da baya ake shiga. Wanda bai taɓa yin baya da ɗakin ja ba, ya nemi na farkon ko da ya fi tsada, domin koyon wannan aiki da magariba, tsakanin itatuwa biyu, iyali suna jira a gajiye, ba abu ne da zan so wa kowa ba. Sai lantarki. Turakun wuta a filayen nan galibi na amfiya 30 ne ko na amfiya 50, kuma bambancin ba ƙarami ba ne, domin na farko yana ba da wat 3,600 ne kawai, na biyu kuwa yana kai wa wat 12,000. Babbar mota mai na'urar sanyaya ɗaki biyu tana buƙatar na 50, in kuwa aka haɗa ta da na 30, to sai an riƙa kashe wani abu kafin a kunna wani, in ba haka ba wutar ta riƙa yankewa.

Abin da masu ba da haya ba sa tsayawa su yi bayaninsa sosai shi ne ruwa. Motar tana da tankuna uku, na ruwa mai tsabta, da na ruwan wanke-wanke, da na banɗaki. A yawancin gandun shaƙatawar jiha, ko da gurbi yana da lantarki, ba shi da bututun ruwa ko na magudana a wurin, sai dai a cika tanki a bakin shiga, a kuma je wurin da aka tanada domin zubar da ƙazantar idan za a fita. Mu mutane ne masu yawan amfani da ruwa saboda tsarki da alwala da girki, don haka tankin da aka ce zai kai wasu kwana huɗu mu ba zai kai mu haka ba. Iyalin da zai yi mako guda a mota mai ɗaki gara ya biya kuɗin gurbi mai cikakken haɗi a filin 'yan kasuwa, ko kuwa ya ƙudura tun farko cewa wanka da alwala a banɗakin filin za a yi. Ya kuma duba ko gurbin shimfiɗaɗɗe ne, domin firjin irin waɗannan motoci da ke aiki da gas ba ya sanyi yadda ya kamata idan motar ta karkata.

Mai tanti kuwa buƙatarsa ta saɓa da wannan gaba ɗaya, kuma babban kuskure shi ne ya kama gurbi a layin manyan motoci don ya ga an rubuta akwai lantarki. Ƙasan irin wannan gurbi tsakuwa ce da aka daddale, turakun tanti ba sa shiga, haƙarƙari kuma ba ya hutawa a kanta. Cikin dare na'urar sanyaya ɗakin maƙwabci tana ruri, fitilarsa tana haske, a layin da babu lantarki kuma wasu kan tayar da janareta har lokacin da doka ta hana. Shi yana bayan bango da gilashi, kai kuwa ƙyalle ne kawai tsakaninka da waje. Filin da ya san aikinsa yakan raba layin tantuna da na motoci, wasu ma suna da gurabe waɗanda ake ajiye mota a nesa kaɗan, a tura kaya a amalanke zuwa wurin, kamar yadda ake yi a gandun Split Rock da ke gaɓar tafkin Superior. Wahalar turin kayan ba ta kai daɗin shirun da ake samu ba. Idan an isa, a dubi ƙasa da idon manomi, a tambayi kai ina ruwa zai bi idan sama ta zubo, domin gurbin da ya yi kwari, mai ciyawa kore shar, shi ne zai zama kududdufi da tsakar dare.

Yanzu ga batun da ya sa na ɗauki alƙalami. Kowa yana son gurbin da ke bakin ruwa, shi ne ya fi tsada, shi ne kuma ke fara ƙarewa, amma ba kowane bakin ruwa ne alheri ba. Gaɓar da ke da fadama da dogayen ciyayin ruwa matattarar sauro ce, kuma sauron arewacin Minnesota a watan Yuni da farkon Yuli yana da yawan da zai ba ɗan ƙasar zafi ma mamaki. Ba ya ɗauke da zazzaɓin da muka sani a gida, amma yana hana zama a waje da zarar rana ta faɗi. Gaɓar da ke buɗe, wadda iska ke bugawa daga tafki, tana korar sauro, sai dai ita ce kuma ke fara karɓar hadari. Gurbin da ke kusa da inda ake sauke jiragen ruwa ba a barcin safe a cikinsa, domin masunta na fara tayar da injuna tun kafin gari ya waye. Sama da duk wannan, uwa mai yaro ɗan shekara biyu ko uku ba za ta huta ko na minti ɗaya ba idan ruwa yana taku goma daga ƙofar tanti. Na fi son iyali su koma layi na biyu ko na uku, a ɗan tudu, inda ake zuwa ruwa da niyya, babba yana riƙe da hannun yaro.

Shi kansa tafkin a tambayi halinsa. Manya irin su Mille Lacs da Leech suna da faɗin da iska kan tayar musu da igiyar ruwa cikin ɗan lokaci, ba su dace da mai koyon tuƙa kwalekwale ba. Ƙaramin tafki wanda aka taƙaita gudun jirage masu inji a cikinsa, mai gaɓar yashi da aka killace domin iyo, ya fi wa yara. A sani cewa a yawancin waɗannan gaɓoɓi babu ma'aikacin ceto. Ruwan kuma yana da sanyi fiye da yadda ido ke nunawa, domin ƙanƙarar da ta rufe tafkunan arewa sai ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu take narkewa, tafkin Superior kuwa ko a tsakiyar zafi sanyinsa yana iya sandarar da gaɓoɓin mutum. Dokar jihar ta wajabta wa yaro ɗan ƙasa da shekara 10 sa rigar hana nutsewa idan yana cikin jirgi mai tafiya, ni kuwa ina ganin babban da bai iya iyo ba ya fi yaron buƙatarta, kuma da yawa daga cikinmu ba mu iya ba, kunya ce kawai ke hana mu faɗa. A ƙarshen lokacin zafi, idan aka ga ruwa ya yi kore kamar an zuba fenti, a hana yara shiga, domin wata irin gansakuka ce mai iya fitar da guba.

Hadarin wannan yanki ba abin wasa ba ne. A ranar 4 ga Yuli 1999 wata guguwa mai gudun fiye da kilomita 140 a awa ta ratsa dajin Boundary Waters, ta kayar da miliyoyin itatuwa, ta jikkata masu zango da dama, ranar kuwa ranar hutu ce da daji ya cika da mutane. Saboda haka kafin a kafa tanti a ɗaga kai a dubi sama, kada a kwana ƙarƙashin busasshen reshe ko itacen da ya karkata. A tambayi ma'aikata inda ake fakewa idan an yi gargaɗin guguwa, wanda galibi ginin banɗaki ne na bulo, a kuma sani cewa mota mai ɗaki ba mafaka ba ce, iska na iya kifar da ita. A wurare da yawa babu layin waya, don haka a nemi sunan asibiti mafi kusa da nisansa tun a gida, a sauke taswira a waya, a kuma gaya wa wani ɗan uwa inda aka nufa da ranar dawowa. Ga iyalin da ke da mai ciki ko mai asma ko tsoho, nisan asibiti ya isa dalilin barin wani fili a zaɓi wani.

Dare a bakin tafkin arewa yana da sanyi ko a watan Yuli, kuma a nan ne wata al'adarmu za ta iya zama ajali. Mun saba shiga ɗaki da kaskon wuta lokacin hunturu. Kada wanda ya kuskura ya shiga tanti ko mota da gawayi ko risho ko murhun gas domin jin ɗumi, saboda iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Bargo da rigar sanyi su ne magani. Itacen hura wuta kuma ba a zuwa da shi daga gida. Wani koren ƙwaro mai huda itace, wanda aka fara ganowa a jihar Michigan a 2002, ya kuma bayyana a birnin St. Paul a 2009, ya hallaka miliyoyin itatuwa a ƙasar, kuma a cikin itacen wuta yake bin mutane daga gari zuwa gari. Shi ya sa a filayen jiha ba a yarda da kowane itace ba sai wanda hukuma ta amince da shi, ana kuma sayar da shi a ƙofar shiga.

Kaska ta fi dabbar beyar zama abin tsoro, ko da yake beyar ce yara ke tambaya. Baƙar beyar ta dajin nan tana gudun mutum, ƙanshin abinci ne ke jawo ta, don haka abinci da tukwane da shara a kulle su cikin mota, kada ko kilishi ya kwana a tanti. Kaskar da ke ɗauke da cutar Lyme kuwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tana maƙale a dogayen ciyayi da busassun ganyaye, kuma tsakiya da arewacin Minnesota suna cikin wuraren da ta fi yawa. Gurbin da aka share, mai samun rana, ya fi wanda ciyawa ta kewaye. A duba jikin yara kowane dare, har cikin gashi da bayan kunne da hammata, domin cire ta a cikin yinin farko yana rage haɗarin kamuwa sosai. Likitoci kan ce a lura da jan zobe a fata, amma a baƙar fata ba kullum yake fitowa sarai ba, saboda haka zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi bayan an dawo daga daji ya isa a je asibiti a kuma faɗa wa likita inda aka je.

Akwai kuma abin da babu takardar talla da za ta gaya wa Musulmi. A ƙarshen Yuni, a yankin Itasca, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, tana kuma fitowa wajen 5:30 na safe, wato Isha'i da Asuba duka suna faɗawa cikin lokacin da doka ta ce a yi shiru. Wannan dalili ne na zaɓen gurbi a ƙarshen layi, kusa da famfo daidai gwargwado, yadda mutum zai tashi da tocila ya yi alwala ba tare da ya ratsa ta gaban tantin wasu ba. Alƙibla a Minnesota tana arewa maso gabas ne, ba gabas sak yadda muka saba ba, kuma gara a tantance ta da rana tun ana da layin waya. Masai na rami ba shi da ruwa, buta wajibi ce. Naman halal kuwa a saye shi a Minneapolis, inda shagunan 'yan uwanmu Somaliyawa suke da yawa, a saka a akwatin ƙanƙara, domin a ƙananan garuruwan bakin tafki da wuya a same shi. Game da yadda mutanen karkara ke karɓar baƙon da bai yi kama da su ba, abin da na fi gani shi ne gaisuwa da taimako, amma duk da haka ina ba iyalin da matansu ke sa hijabi shawara su fara da filin da ke da ofishi da mai kula da zango da ke kwana a wurin, domin kwanciyar hankali na daga cikin abin da aka fito nema.

Ya kamata kuma mu san ƙasar wa muka sauka. Yawancin wannan yanki ƙasar kakannin al'ummar Ojibwe ce, wato ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka, babban ɓangaren dajin Chippewa ma yana cikin iyakokin yankinsu na Leech Lake, kuma shinkafar dajin da ke tsiro a gefen tafkuna abinci ce mai daraja a wurinsu, doka tana kare ta, ba a ratsa ta da jirgi yadda aka ga dama. Wanda zai yi kamun kifi ya sayi lasisi, ya karanta adadi da girman kifin da aka yarda a riƙe a wannan tafki, domin dokar ta bambanta daga tafki zuwa tafki. Wanda ya zo da jirgi ko kwalekwale kuma wajibi ne ya share ciyayin da suka maƙale masa ya tsiyaye ruwansa kafin ya hau titi, saboda wata ƙaramar halitta mai ɓawo da ta shigo manyan tafkunan Amurka a ƙarshen shekarun 1980 ta cikin ruwan jiragen dakon kaya, tana kuma yaɗuwa ta wannan hanya.

Lokacin fita ma yana cikin zaɓen. Ƙarshen makon Litinin ta ƙarshe a Mayu, da makon 4 ga Yuli, da ƙarshen makon Litinin ta farko a Satumba, duk lokutan hutun ƙasa ne, kuma su ne lokutan cunkoso da hayaniya, sabon shiga ya kauce musu. Daga tsakiyar Agusta sauro ya ragu, ruwa kuma ya yi ɗumi gwargwadon yadda zai yi, kuma daga Lahadi zuwa Alhamis gurabe sun fi samuwa. Ga iyalin da za su fita karon farko, shawarata ita ce su nemi gandun shaƙatawar jiha wanda bai wuce tafiyar awa biyu daga gida ba, su yi kwana biyu kawai, su kafa tantin a tsakar gida ko a falo kafin ranar domin su san yadda ake haɗa shi, su kuma isa da sauran rana. Wanda bai da tanti ma yana iya kama ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan katako da gandun shaƙatawa da yawa ke bayarwa haya. Kafin su tafi gida, su zagaya filin da ƙafa, su rubuta lambobin gurabe uku ko huɗu da suka ga sun fi dacewa da su, domin da waɗannan lambobin za su yi rajistar shekara mai zuwa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Minneapolis, jihar Minnesota, Amurka.